Ram ɗin da surukina ya sayo mini

Shekarun baya, lokacin ban fi shekara guda da 'yan watanni da aure ba, na ɗauko wa kaina wata hidima da ta kusa sa mini hawan jini. Cewa na yi sai na haɗa kwamfutar buga gem da hannuna, irin babbar nan ta kan tebur mai gilashi a gefe. Ina koyar da kwamfuta a wata makaranta a nan Ƙaura, kuma tun ina saurayi ba ni da abin sha'awar da ya wuce gem ɗin ƙwallo da na tseren mota. Sa'o'ina na tara kuɗi su sayi babur, ni kuwa ƙarafa nake tarawa a ƙarƙashin gado. Kada ku yi mini dariya, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sai da na yi kusan shekara ina tsinto kayan ɗaya bayan ɗaya. Wannan watan firosesa mai sarrafa aiki, wancan watan katin girafik na hannu mai fito da hoto, can kuma madabod, wato babban allon da ake kakkafa komai a kansa. Har na zo ga abu na ƙarshe, shi ne ram. Ga wanda bai sani ba, ram wani ɗan siririn allo ne da bai fi tsawon tafin hannu ba. A kansa kwamfuta ke baza abin da take aiki da shi a lokacin, kamar yadda mace ke baza tsaba a faifai. In babu shi, ko ka kunna ba abin da za ka gani sai fanka tana juyawa. Kuma iri-iri ne. Akwai wanda ake ce wa DDR4, akwai sabonsa DDR5, mu dai ce mai lamba huɗu da mai lamba biyar. Madabod iri ɗaya kawai yake karɓa a cikinsu. Nawa mai lamba huɗu yake ci, wannan kam na san shi kamar yunwar cikina.

Samunsa ne aiki. Na zaga Ƙaura shago-shago, duk wanda na tambaya sai ya ɗauko mini gajeren nan na laftof. A Gusau na samu guda ɗaya tal, ni kuwa biyu nake so 'yan gida ɗaya, gig takwas-takwas, domin kwamfuta ta fi gudu in an jera mata su biyu. Ya rage sai Kano. Hanya kuma kun san yadda take a lokacin, mutum ba ya ɗaukar ƙafa haka kawai ya ce gem ne ya fito da shi.

Wata rana ina cin tuwo ina ta wannan mitar, matata na gefe tana ji. Ban aike ta ba, wallahi ban aike ta ba. Kashegari ina dawowa daga makaranta ta tarbe ni da murmushi ta ce, "Na yi waya da Inna. Baba ya ce ka rubuta mashi abin da kake so, jibi zai tafi Kano."

Bari in gaya muku wane ne Baba. Mahaifin matata ne, ɗan kasuwar hatsi a Shinkafi, duk bayan mako biyu yana kai wake da gero Kano. Dattijo ne mai kwarjini, ba ya magana biyu. Tun da na auri 'yarsa, abin da ya taɓa haɗa ni da shi bai wuce gaisuwa ba. In tuɓe takalmi tun daga nesa, in durƙusa, ya ce ya gida, in ce Alhamdu lillahi, in miƙe in ba shi wuri. Motar da yake shiga ta Ƙaura take bi duk tafiya, amma bai taɓa taka ƙofar gidana ba. In yana da magana da ni, Inna yake gaya wa, wato mahaifiyar matata, Inna ta gaya wa 'yarta, 'yarta ta gaya mini. Tawa maganar ma ta wannan hanyar take komawa. Haka muka taso muka tarar, ban kuma taɓa ganin laifin abin ba.

Sai dai akwai abin da ke cin raina. Tun kafin aure labari ya iso mini cewa ya taɓa tambaya, shin malamin nan da aka ce yana wasan yara a talabijin zai iya riƙon gida kuwa? Maganar ta zauna mini. To yau ga shi da kansa ya miƙo mini hannu a karo na farko, a kan abin da nake zaton ya raina. Ina ni ina cewa a'a? Abin da nake nema a wurin dattijon nan bai wuce ya ɗauke ni a bakin mutum ba.

Na samu takarda na rubuta da manyan baƙaƙe: DDR4, na kwamfutar tebur ba na laftof ba, guda biyu iri ɗaya, gig takwas kowanne. Na ja layi biyu a ƙarƙashin huɗun nan. Na sa kuɗi a ambulan, na kai tasha na ba direban Shinkafi, na dawo gida ina jin na gama da wannan babin.

Bayan 'yan kwanaki aka kira ni daga tasha, wai Alhajin Shinkafi ya wuce ya bar mini saƙo. Na je da sauri har ina tuntuɓe. Leda ce baƙa, a ciki hankici ɗaure. Na kwance. Ga ambulan ɗina yadda na liƙe shi, ko buɗewa ba a yi ba. Ga kuma ram guda ɗaya sabo fil a cikin kwalinsa yana ƙyalli. Na karanta jikinsa: gig sha shida, DDR5.

Yadda aka yi, daga baya na ji daga bakin matata, ita kuma daga bakin Inna. Baba ya miƙa takardata, mai shago ya ɗauko abin da na rubuta daidai wa daida. Ram ɗina ya zo har tafin hannun surukina, jama'a! Sai ya yi tambayar da yake yi a kan duk abin da zai saya: "Wanga shi ne na gaba duka?" Mai shago ya ce a'a, akwai sabon fitowa mai lamba biyar, ya fi gudu, ya fi tsada. Baba ya ce, "To mi za ni yi da na baya? Ba ni sabon." Da aka zo maganar biyu kuma ya ji akwai guda ɗaya mai sha shida, sai ya yi lissafinsa na hatsi, cikakken buhu ya fi rabi biyu daraja. Ya ce a naɗe masa, kuma kyauta ce, a mayar wa yaro kuɗinsa.

Na san ba zai shiga ba tun a tasha, amma ɗan Adam da sa rai. Ina isa gida na gwada. A ƙasan kowane ram akwai 'yar tsaga, a cikin gurbinsa kuma akwai ɗan haƙori da ke shiga tsagar. Tsawonsu ɗaya da mai lamba huɗu, kamanninsu ɗaya, amma tsagar ta goce kaɗan, bai fi faɗin ƙwayar dawa ba. Na juya shi, na sake juyawa, na gwada gurbi huɗun duka, har da hure gurbin kamar ƙura ce ta hana. Ina! Ya yi zamansa a sama yana lilo.

Na ɗauke shi sai shagon abokina, wani mai gyaran waya ɗan Zurmi da ke bakin kasuwa. Ya jujjuya shi ya ce, "Wanga ai ba matsala ba ce. Bari in ɗauko zarto in ɗan ƙara mashi tsagar."

Na fizge abina. Na ce, "Kai, kana da hankali kuwa? Ba tsagar ce kaɗai ta bambanta ba, cikinsu ma daban ne. Ka ƙone mini madabod, garin neman gira a rasa ido?"

Ya ce, "To ka hwaɗa ma surukinka ya canzo mana."

Na ce, "Kai ka taɓa gaya wa naka surukin ya yi kuskure?"

Ya kwashe da dariya har yana dukan benci. Ya ce Allah ya ba ni haƙuri, shi dai zartonsa na nan in na canza shawara.

Da na koma gida na zaunar da matata na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce ta gaya wa Inna ta gaya wa Baba an gode ƙwarai da gaske, Allah ya ƙara buɗi, amma abin bai shiga ba, a taimaka a canzo mai lamba huɗu guda biyu. Ta dafe ƙirji ta ce, "Ni? Kyautar Baba ta farko gare ka, in buɗe baki in ce ba ta yi ba? Ka rufa mani asiri." Na yi lallashi, na yi faɗa, na sake yin lallashi. Da ƙyar ta ɗauki waya ta fita tsakar gida, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa ina saurare.

"Inna, saƙo ya iso. Wallahi ya yi murna, har ya rasa bakin godiya. Sai dai ya ce... dama shi irin abin nan biyu ake sa wa."

Ina daga bakin ƙofa ina ɗaga mata yatsu huɗu, ina girgiza su kamar mai tsayar da mota. Ta dube ni, ta juya mini baya, ta shiga tambayar Inna lafiyar awaki. Da ta gama na ce ina maganar lamba huɗu? Ta ce, "Ai a hankali ake bin irin wannan. Na fara share hanya, wani satin sai in ƙarasa."

Ba ta kai ga ƙarasawa ba. Mako biyu suna cika aka sake kirana daga tasha. Leda baƙa, hankici ɗaure, ram mai lamba biyar, ɗan'uwan na farko sak. Wanda ya miƙo mini saƙon ya ƙara da cewa, "Alhaji ya ce ka yi haƙuri, bai san biyu ake sawa ba."

Haƙuri! Shi ne ma yake ba ni haƙuri! Na nemi bencin masu jiran mota na zauna, ledar a hannuna, takaici kamar in kurma ihu. Wata mai sayar da fura ta dube ni ta ce, "Malam, lafiya? Ko rasuwa anka yi?" Na ce mata a'a, kyauta aka yi mini.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Abokina yakan je Shinkafi ranar kasuwa ya sayar da caja da batir. Ya dawo wata rana yana ta washe baki, ya ce ya ratsa ta layin 'yan hatsi ya tarar da surukina a tsakiyar abokansa yana ba da labari. Wai ya sayo wa mijin ɗiyarsa ƙwaƙwalwar kwamfuta har guda biyu, sabuwar fitowa, wadda ko a Gusau ba a fara ganin irinta ba. Wani ya ce ba wasan yara ake yi da ita ba? Baba ya ce, "Kai dai ba ka sani ba. Yaron nan da hannunshi shika haɗa na'urar tun daga ƙusa. Yana da ilimi."

Ba zan ɓoye muku ba, wannan "yana da ilimi" ta yi mini daɗi har cikin ƙashi. Ita ce kuma ta ɗaure mini baki. Yanzu in na ce bai shiga ba, ba ram kaɗai zan mayar ba, dattijo zan kunyata a gaban sa'o'insa, in kuma zubar da ɗan mutuncin da na fara samu. A cikin waɗannan makonni sau uku tambaya tana zuwa daga Shinkafi ta bakin Inna: "Baba ya ce a tambaya, ya yi?" Ta farko matata ce ta amsa cewa ya yi ba da sanina ba, na yi ta faɗa. Ta biyu ta dube ni, na kawar da kai, ta ce ya yi. Ta uku kuwa da bakina na ce, "Ki ce mashi ya yi." Don haka in ana rabon laifi, nawa kason ba ƙarami ba ne.

Na yi tunanin canza madabod ɗin gaba ɗaya in sayi mai cin lamba biyar, wato in rushe ɗaki saboda an ba ni kyautar ƙyaure. Da na ji farashi na dawo hayyacina. Na yi tunanin sayar da su, matata ta ce in dai tana numfashi ba za a kai kyautar mahaifinta kasuwa ba. Ko da ta yarda ma, wa zai saya? Duk Ƙaura ban san mai kwamfutar da za su shiga ba. A ƙarshe abokina ya haɗa ni da wani saninsa a Kano. Muka yi kiran bidiyo, na sa shi ya kanga ram ɗin a gaban kyamara na karanta lambar da idona, na ce ya juya bayansa, na sake karantawa, har ya ce, "Malam, ram za ka saya ko aure za ka nema?" Ya ba direba ya kawo. Abin da ya kamata in yi tun ranar farko ke nan.

Na danna na farko ya ce ƙas, na danna na biyu ya ce ƙas. Na kunna, sikirin ya kawo haske. Shekara guda ina jiran wannan rana, amma murnar rabi ce. In ina buga ƙwallo na ci, sai idona ya faɗa kan durowar da na ajiye kyautar Baba, daɗin ya ragu.

Haka muka tafi har wata huɗu. Lokacin watan haihuwar matata ya gabato, za ta tafi gida kamar yadda ake yi a cikin fari. Saƙo ya zo cewa saboda yanayin hanya Baba bai yarda kowa ya kai ta ba, shi da kansa zai biyo ya ɗauke ta in ya dawo daga Kano. A ƙarshen saƙon kuma aka ce, yana so ya ga na'urar nan da idonsa.

Na ce shi ke nan, na shiga uku. Matata kuwa ko a jikinta. Ta ce, "Ba gilashi ne a gefen ba? Ka buɗe ka ajiye su a ciki. In ya tambaya ka nuna mashi. Baba ina ya san yadda ake sa su?" Na ce wannan shirme ne. Ta ce to in kawo wadda ta fi. Ni da nake tsayawa gaban ɗalibai ina koya musu kwamfuta, na kwance gilashi, na goge ram biyun nan da gefen rigata, na jera su a ƙasan akwatin gwanin sha'awa, na mayar da gilashi na ɗaure. Da na ba abokina labari cewa ya yi, "Malam, ranar wanka fa ba a ɓoyon cibi." Na ce ya riƙe karin maganarsa, shi da ya so ya sa wa abin zarto.

Ranar da aka sa, bayan azahar Baba ya iso. Na tarbe shi a ƙofar gida ba takalmi, na shimfiɗa masa darduma a zaure, aka kawo ruwa da fura. Matata ta zo ta gaishe shi ta koma ciki haɗa kaya. Muka zauna, ni kaina a ƙasa ina ƙirga zaren tabarma. Can ya ajiye kofi ya ce, "Ina na'urar?"

Na shige gaba har ɗakin. Na kunna, na sa gem ɗin ƙwallo, na bar shi yana buga kansa. Ya tsaya hannuwansa a baya yana kallo. Ya ce, "Waɗanga mutane na gaske ne?" Na ce a'a Baba, zane ne. Ya gyaɗa kai ya ce ikon Allah. Har na fara sakin numfashi, sai na ga ya laluba aljihu ya ciro tabarau. Ya sunkuya a gaban gilashin.

"Wanne ne nawa?"

Na nuna masa na ƙasa da yatsa.

Ya daɗe yana dubawa. Ya dubi na ƙasa, ya ɗaga ido ya dubi biyun da ke kafe a gurbinsu, ya sake duban na ƙasa. Sannan ya miƙe ya cire tabarau. Ya ce, "Malam, waɗancan na sama an kahwa su tsaye. Nawa suna kwance, ba abin da ya riƙe su. Na tsuhwa ina loda hatsi. Na san buhun da anka ɗora ma mota, na san wanda anka jingine gehe."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. A karo na farko tun da nake da shi na yi masa magana mai tsawo, ba Inna, ba 'yarsa a tsakani. Na gaya masa zancen lamba huɗu da lamba biyar, da tsagar da ta goce, da yadda na sayi wasu a ɓoye. Bai katse ni ba har na kai aya.

Ya ce, "Tun na hwarkon bai shiga ba?"

Na ce, "Tun na farkon, Baba."

"Wata nawa ke nan?"

Na ce huɗu.

Ya ce, "Mai shagon nan ya hwaɗa mani, in bai shiga ba in maido cikin kwana bakwai ya canza. Don haka na aiko a tambaya. Sau uku ina tambaya, sau uku anka ce mani ya yi."

Kwana bakwai! Wato kalma uku kacal, "bai shiga ba", da ta isa Shinkafi a satin farko, da duk wannan wahalar ba ta taso ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Kunya ce, Baba. Ban so in ɓata maka rai ba."

Ya ce, "Kunya? Kun bar ni na koma na sayo na biyu, har ina aiko maka da ban haƙuri. Kun bar ni ina yawo cikin kasuwa ina hwaɗin abin da babu shi. Wannan ita ce kunyar?"

Gem ɗin na can yana ta surutunsa, an ci ƙwallo 'yan kallo na ihu, na rasa ƙarfin miƙa hannu in kashe.

Sai ya sassauta murya, wannan kuwa ta fi faɗan ciwo. Ya ce, "Ba abin da na kashe ne ya dame ni ba. Ɗiyata na cikin gidanga. Ni ina Shinkafi, ba ni ganin ta, abin da kunka aiko mani shi kaɗai na sani. In ɗan ƙarhe bai shiga ba kun kasa hwaɗa mani, ran da ba ta da lahiya mi za ku aiko?"

Har yau tambayar nan ba ta bar raina ba.

Ya ce in buɗe gilashin. Na buɗe, ya sa hannu ya kwashe ram ɗinsa biyu ya zuba a aljihun babbar riga. Sannan ya ce in ɗauko wayata. Ya karanto mini lambarsa ɗaya bayan ɗaya, ya sa na maimaita masa. Ya ce, "In da magana, ga ni. Ba ta hannun mata ba." Ya sa takalmi ya fita, aka loda kaya, suka kama hanyar Shinkafi. Ban san abin da ya yi da ram ɗin ba, bai faɗa ba, ni kuma ban taɓa samun bakin tambaya ba.

Na yi kusan mako biyu ban kunna kwamfutar nan ba. Da farko haushin kowa nake ji. Haushin matata da ta juya mini baya ina ɗaga yatsu, haushin Inna da ta ƙara wa saƙon zuma, haushin mai shagon da ya ga takarda da layi biyu a ƙarƙashin huɗu amma ya ɗauko biyar. Da na gama zagayen sai na tarar haushin ya dawo inda ya dace. Ni ne na san bai shiga ba. Ni ne kuma na zaɓi a ci gaba da cewa ina da ilimi a kan in buɗe baki, na laƙaba wa abin suna girmamawa.

Masu tambayata shawarar haɗa kwamfuta, abin da nake gaya musu ba shi da yawa. Ka duba irin ram ɗin da madabod ɗinka yake karɓa kafin komai, kada sabo ko babbar lamba ta ruɗe ka, ka sayi biyu 'yan gida ɗaya, ka ga lambar da idonka kafin a naɗe. In kuma an kawo bai shiga ba, ka faɗa a ranar, ko wane ne ya sayo.

Lambar nan ta fi shekara a wayata ban taɓa kira ba. Nakan buɗe in dube ta, in mayar da wayar aljihu. Sai da 'yarmu, wadda yanzu ta yi wayo har tana ƙwace mini hannun gem, ta kwanta zazzaɓi mai zafi tana 'yar shekara guda. Aka ba mu gado a asibiti, aka sa mata ƙarin ruwa. Da safe ina shiga na tarar matata tana ajiye waya. Ta ce, "Inna ce. Na ce mata duk muna lafiya. Kada Baba ya ji, hankalinsa zai tashi."

Na fita bakin ƙofar asibitin, na tsaya a inuwar wata bishiya, na danna lambar. Bugu biyu ya ɗauka.

Na ce, "Baba, ni ne, daga Ƙaura. Jikarka ba ta da lafiya. Tun jiya muna asibiti, ana ƙara mata ruwa. Likita ya ce da sauƙi, amma har yanzu ba ta ci komai ba."

Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa. Sannan ya ce, "Ga ni nan tahe."

Har zan sauke wayar sai na ji ya ce, "Malam."

Na ce, "Na'am, Baba."

Ya ce, "Allah shi yi maka albarka."